Ƙidayar da nake wa Baba

Daga wani ɗan aji biyu

A Kademi idan mutum ya karye, gidansu ba ya rabuwa da 'yan dubiya. Wannan ya kawo lemo, wancan ya kawo fura, kowa da maganin da zai ba da shawara a kai. Amma ranar da aka ce ƙashi ya haɗe, shi ke nan, sai a ce "Allah Ya kiyaye gaba", kowa ya kama gabansa. Ni kuwa abin da na gani a gidanmu shi ne, daga ranar ne wahala ta biyu take farawa, kuma ita ba ta da 'yan dubiya.

Bara da kaka Babanmu yana dawowa daga kasuwa a kan babur, da buhun gero a baya, sai akuya ta gitta masa. Ya faɗi, babur ya danne masa ƙafar dama, ƙashin cinya ya karye. Malamin kimiyya ya taɓa gaya mana cewa babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa, kuma na cinya ya fi duka tsawo da ƙarfi. To shi ne ya karye wa Baba.

Kawu ya ce a kira mai ɗori, Yaya ya ce asibiti. Mai ɗorin ne ya raba gardamar. Ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce wannan ba tasa ba ce, a kai shi Dala. Har yau ina ganin girman dattijon nan saboda wannan maganar.

An bi da Baba ta Wudil zuwa Kano, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Ƙofar Ruwa. Tun 1959 asibitin yake, wato ya girmi Baba nesa ba kusa ba. An ɗauki hoton ƙafar, aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe a cikin ƙashin. Ragunanmu biyu da ɗan bijimin da ake kiwo duk sun tafi a wannan jinya.

Da ya dawo gida ya kwana biyu, sai muka ga abin da ba mu zata ba. Cinyar ta rame, ta koma kamar ba tasa ba, gwiwar kuma ta ƙi lanƙwasuwa. Alhali ba gwiwar ce ta karye ba! Da suka koma asibiti, mai gashin ƙashi ya yi wa Yaya bayani. Ya ce naman jiki idan ya daɗe ba ya aiki ramewa yake yi, gaɓa kuma idan ta daɗe a miƙe sai ta sandare, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya ce babu ƙwayar da za ta buɗe ta, sai motsi kullum. Ya nuna musu yadda za a yi, ya zana a takarda, ya ce a samu mai ƙirga masa a gida, tunda zuwa Kano kowane mako ya fi ƙarfinmu.

Yaya yana gona, Umma tana fama da ƙannena. Sai aikin ya faɗo kaina.

Ga yadda muke yi. Bayan sallar asuba, kafin in tafi makaranta, Baba zai kwanta a tabarma ya miƙe ƙafar, ya ɗaure naman cinyar yana danna bayan gwiwa a ƙasa, ni kuma in ƙirga goma. Sau goma muke yi. Daga nan ya jawo diddige a hankali zuwa jikinsa har inda gwiwa ta tsaya, ya mayar. Na ƙarshe shi ne wanda ya tsana: ya zauna a bakin gado, ƙafar tana lilo, ya sa mai lafiyar ya tura marar lafiyar baya. Nan ne gumi yake keto masa ko da sanyin hunturu ne. Bayan la'asar mu sake.

Ban taɓa ganin Baba yana cije leɓe ba sai a wannan lokaci. Kuma, ku rufa mini asiri, Baba yana satar ƙidaya. Ina "bakwai" sai in ji ya ce "goma" ya saki ƙafa.

"Baba, bakwai ne fa."

"Kai, ni da kai wa ya fara koyon lissafi?"

"Baba, likita ya ce goma."

Sai ya harare ni, ya sake ɗaurewa.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce Kaka. Duk lokacin da ta ji nishinsa sai ta fito da sandarta, wai za mu sake karya mata ɗa, a bar shi ya huta a shafa masa man zafi. Ba na ganin laifinta, ɗanta ne. Amma a ganina hutun nan da kowa yake yi masa fata shi ne zai bar shi da ƙafa a miƙe har abada. Manomi kuwa da gwiwa yake cin abinci. Mai gashin ƙashin ya riga ya raba mana: zafin jan jijiya da yake lafawa bayan an gama, wannan ba komai; amma zafi mai suka a wurin karayar, ko kumburin da ya ƙi sauka, a tsaya a dawo asibiti. Na gaya wa Kaka haka, ta ce yaran zamani sun fi uwarsu sanin zafin haihuwa.

Abin da ya fi damun Baba ba gona ba ne, sallah ce. Wata biyar a kan kujera yake yin ta. Mutumin da ba ya wuce sahun farko, ga shi a gefen masallaci da sandunansa a jingine. Na lura duk ranar da ya dawo daga masallaci ransa a ɓace, ranar ba ya satar ƙidaya.

Na samu gawayi ina yin alama a ƙasan ɗaki, daidai inda diddigensa ya tsaya, kowace Juma'a. Wani makon alamar ta matsa kamar faɗin yatsa biyu, wani makon ko motsi. Idan ba ta matsa ba, ba ya magana da kowa har dare.

Yanzu ya ajiye sanda ɗaya, yana zuwa bakin gona da ɗayar ya tsaya yana nuna wa Yaya inda ya bar ciyawa. Makon jiya ya kai goshinsa ƙasa a sallar magariba, karo na farko tun faɗuwar. Zaman tahiya ne har yanzu bai samu ba, sai ya miƙe ƙafar gefe guda. Wata mai zuwa za su koma Dala a sake ɗaukar hoto, kuma ya ce da ni za a je, don in gaya wa likita da bakina ko yana cika goman.