Idan Kwamfuta Ta Ƙi Rubutu

'Yar uwa, ni dai na fi son in haɗa manhajar kwamfutata da kaina, kamar mai surfa masararta maimakon sayen gari a kasuwa. FreeBSD nake amfani da ita, wadda ta fito tun 1993. Da kin ba ta umarnin make buildworld, sai ta yi sa'o'i tana haɗa sabuwar manhaja.

Wajen ɗora sabuwar kan tsohuwar ne ake cin karo. Kin sake kunna ta a yanayin gyara, sai ta ce faifan na karatu ne kawai, ba a rubutu a kansa. Kada gabanki ya faɗi, da gangan aka kulle shi. Ki sa fsck -p ya duba shi tun yana kulle, sannan mount -u / ya buɗe.

Inda ake kuka shi ne a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, mu kuwa mun saba. Nan fsck zai yi ta tambayarki, ya gyara ko ya share? Don Allah kada ki yi ta danna y ido rufe, hotunan biki da takardun makarantar yara sai su bi ruwa. Abin da ya tsinto yakan zuba a lost+found, ba suna sai lamba, ki zauna kina buɗewa ɗaya bayan ɗaya kamar tsintar shinkafa.