Tsibirin Man, Inda Ake Rufe Titi a Bar wa Masu Babur

Daga tashar Euston da ke Landan na hau jirgin ƙasa da hantsin Alhamis, a ƙarshen watan Agusta. Fam 45 na biya, tafiyar sa'a biyu da 'yan mintuna ta kai ni Libaful. Daga nan sai jirgin ruwa zuwa Douglas, babban birnin Tsibirin Man, fam 70 zuwa da dawowa ga wanda ba shi da abin hawa. Sa'a uku ba kwata muka yi a kan tekun Ayilan. Ban saba da ruwa ba, don haka cikina ya yi ta juyawa, na kasa cin komai. Cikin jirgin kuwa babura ne jere kamar a kasuwa, an ɗaɗɗaure kowanne da igiya.

Abin da ya kai ni shi ne gasar Manx Grand Prix. Duniya ta fi sanin babbar yayarta, wato TT, wadda aka fara a 1907, inda ƙwararru ke fafatawa. Wannan kuwa tun 1923 aka kafa ta domin 'yan sha'awa, waɗanda tsere ba shi ne abincinsu ba. Wani mai gyaran famfo daga arewacin Ingila ya yarda in bi shi in ga yadda yake yi. A filin da ke bayan rumfar 'yan kallo na same shi, shi da matarsa da ƙaninsa, suna kwana a cikin motar aikinsa. Babur ɗinsa mai cc 650 yana ƙarƙashin tanti. Tayoyi da mai da kuɗin jirgi, mafi yawa daga aljihunsa suka fito, sai ɗan abin da abokan aiki suka tara masa.

Da safiyar Juma'a ya zagaya da ni hanyar a mota. A nan mamakina ya soma. Ba filin tsere ba ne. Titi ne na kowa da kowa, mil 37.73, wato kilomita 60 da ɗoriya, da kwana fiye da 200. Ga ƙofofin gidaje, ga shaguna, ga turakun waya, ga katangun dutse. An lulluɓe wasu da katifu, an shafa wa bakin titi fenti baƙi da fari, shi ke nan. Muka gangara Bray Hill tsakanin gidaje, ya ce a nan manyan babura kan wuce kilomita 250 a sa'a. Yana tuƙi yana karanto hanyar da ka: nan akwai tudu, nan inuwar bishiyoyi kan hana kwalta bushewa, nan idan ka ga farin gida ka saki wuta. Ya ce shekara guda ya yi yana kallon bidiyon hanyar kafin ya fara takata. Sabon shiga ma ba a sakar masa hanya haka kawai, sai ya yi zagayen farko a bayan jami'i, kuma ya sa riga mai ruwan lemo a lokacin gwaji don na baya su gane shi.

Dalilin da ya sa a nan ake yi shi ne tsibirin ba ya cikin Birtaniya, ko da yake yana ƙarƙashin masarautarta. Yana da majalisarsa, Tynwald, da takardun kuɗinsa. A lokacin da dokar Birtaniya ta hana tsere a kan titi, majalisar tsibirin ta yi dokar ba da izinin rufe hanya a 1904.

A wurin binciken babura na fi daɗewa. Jami'ai suka duba birki da tayoyi, suka tabbatar an ɗaure noti na mai da waya don kada ya kwance ya zubar a hanya. Suka duba hular kwano da rigar fata. Sai na ga wata 'yar faranti rataye a wuyan mai famfon, ɗauke da sunansa da ranar haihuwarsa. Ban tambayi amfaninta ba. Tsallaken titin da ake tashi ma maƙabartar gari ce. Tun 1911 mutum fiye da 260 sun mutu a wannan hanya. Tommy Clucas, ɗan tsibirin da ya fara zagaye da matsakaicin gudun mil 120 a sa'a a wannan gasa, a 2004, a cikin wannan tseren ya rasu. Na tambayi matar mai famfon ko hankalinta na kwanciya. Ta ce, "Ba ya kwanciya. Amma gara nan da ya san kowa gaba ɗaya ya nufa, da ya je yana gudu a hanyar da motoci ke tahowa."

Ranar Asabar na kama bas da wuri, kusan sa'a guda zuwa ƙauyen Ballaugh, don da zarar an rufe hanya inda kake nan za ka wuni. Mu ma mukan rufe titi don hawan salla, amma yaro kan ratsa da gudu a yi masa tsawa ya wuce. A nan taka kwalta bayan an rufe laifi ne da kan kai mutum kotu, har gidan yari. Masu tsaron hanyar fiye da 500 ake buƙata kafin a saki babur ko ɗaya, kuma duk 'yan sa kai ne. Dattijuwar da ke riƙe da tuta a kusa da ni ta yi ritaya daga koyarwa. Kallo daga bakin hanya kyauta ne.

Sai jira. A Ballaugh rana ta fito, amma hazo ya rufe dutsen Snaefell, inda hanyar ke hawa fiye da mita 400. Idan jirgi mai saukar ungulu na ɗaukar majinyata ba zai iya tashi ba, ba a tsere. Aka ɗaga da sa'a guda, aka sake ɗagawa, daga ƙarshe aka rage yawan zagaye. Kowa ya kafa kunne a rediyo, ba mai gunaguni. Sanyi ya shige ni ƙwarai, na yi sallar azahar a kan ciyawa a bayan wata katanga.

Daga ƙarshe aka fara. Ba a sakin masu tseren gaba ɗaya, daƙiƙa goma ake bari tsakani, don da agogo ake tseren. Ƙarar nake fara ji daga nesa, kafin babur ya ɓullo, ya rage gudu, ya hau 'yar gadar nan mai doro, tayoyinsa biyu su bar ƙasa. Yana dira ya karkata ya shige tsakanin gidaje. Na farko da ya wuce sai da na ja da baya ban sani ba. Mutumina ya zo, na gane shi da lambarsa, gabansa ya ɗan yi rawa da ya sauka, ya miƙe. Kimanin minti 22 yake ɗauka kafin ya dawo, kuma a duk tsawonsu ban iya sauraron hirar kowa ba. Peter Hickman ya yi wannan zagaye a minti 16 da daƙiƙa 36 a gasar TT ta 2023, amma a idona gudun wannan mai famfo ma ya wuce hankali.

Na yaba da tsarin, na yaba da mutanen da ke tsayuwa cikin sanyi ba ko sisi. Duk da haka, da ɗan'uwana ne ya ce zai shiga, da na roƙe shi ya haƙura.

Sai da motar buɗe hanya ta wuce na samu bas, na isa Douglas gab da magariba, ƙafafuna sun yi nauyi. Na tarar da mai famfon zaune a kan akwatin kayan aiki, ƙwari sun mammanne a gilashin hularsa, hannunsa na rawa har ya kasa buɗe gorar ruwa. A tsakiyar jeri ya ƙare, ya samu lambar waɗanda suka kammala. Ƙaninsa na lissafin abin da ya rage musu na man komawa gida. Shi kuwa ya ce yana da gidan da zai haɗa wa bututu ranar Laraba, ya kuma tuna mini in kashe kuɗin tsibirin da ke aljihuna kafin in hau jirgin safe, don shagunan Ingila ba sa karɓa.