Littafin Ladan Da Jadawalin Abuja

A wannan mako muna so mu waiwayi wani al'amari da ya same mu a ƙasar Kiru cikin shekarar 2020, watau shekarar annobar korona, domin har yanzu akwai abin da ya tsaya mana a rai game da yadda aka ƙidaya waɗanda suka kamu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Masu karatu za su tuna ran 27 ga Fabrairu aka sami mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, wani Bature ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ba a daɗe ba hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta shiga fitar da jadawali kowane dare daga Abuja, jiha jiha: waɗanda suka kamu kaza, waɗanda aka sallama kaza, waɗanda suka rasu kaza. Mu a nan da safe muke ji a rediyo, ko kuwa samari su karanta mana daga wayoyinsu a ƙofar masallaci. Kano ta shiga jadawalin ran 11 ga Afrilu, sa'an nan aka hana fita, aka rufe hanyoyi, azumi kuma ya kama ran 24 ga watan cikin tsananin zafin bazara.

To, ya kamata mu fahimci yadda ake shiga wannan jadawali a wancan lokacin. Sai an zura wa mutum tsinken auduga a hanci ko maƙogwaro, an kai abin da aka ɗebo ɗakin gwaji, gwaji ya tabbatar, kana a rubuta shi. Wanda ya rasu ba a gwada shi ba, ko da ya yi ta tari da haki kwana bakwai, ba ya cikin lissafi. A makonnin farko ɗakin gwaji ɗaya ne tak a Kano, a Asibitin Malam Aminu Kano, shi ma aka rufe shi na 'yan kwanaki a ƙarshen Afrilu sa'ad da wasu ma'aikatansa suka kamu. Ina kuwa tsohon da ke kwance a Yako ko Dangora, balle mutumin Doguwa da ke bayan dajin Falgore? Ga shi kuma addininmu ya hore mu da gaggauta suturar mamaci. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Wannan shi ne daidai, ba mu kuwa neman a sake shi. Amma jadawalin Abuja ba a shirya shi domin mutanen da ke binne mamacinsu cikin sa'a uku ba.

A cikin birni, masu haƙa kabari ne suka fara ɗaga murya cewa gawawwakin da ake kawo musu sun wuce ƙima. Da fari aka ce hawan jini ne, da ciwon sukari, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro. Daga baya aka aiko likitoci suka bi gidaje suna tambayar iyalai yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Ran 8 ga Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an sami mutuwar mutum 979, har ta kai 43 a rana alhali a da 11 ne, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da nasaba da korona. Amma a lura, wannan bincike na ƙananan hukumomi 8 ne na birni da kewaye. Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ba sa ciki. Abin da ya sa aka riƙa jin sunan Kiru a labarai a lokacin shi ne sansanin da aka killace almajirai a cikinsa, kamar yadda aka yi a Ƙaraye da Gabasawa.

Mu dai abin da muka gani da idonmu shi ne, a cikin watan azumin nan dattawan sahun gaba na masallacinmu suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda aka gwada a cikinsu. Wasu iyalan ma ɓoye ciwon suka yi, don tsoron kada a ɗauke majinyaci a killace shi, in ya cika a hana su gawa. Ganin haka sai ladaninmu, mutumin da bai yi boko ba, ya sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya shiga rubuta kowane mamaci da ajami: sunansa, da ranar wata, da lokacin da ya cika, da abin da ya yi fama da shi. Wani dattijo ya tare shi gaban liman ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a hana yaron nan. Mutuwa kuma ake ƙirgawa, sai ka ce buhunan masara?" Liman ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ƙyale shi. Wanda ya rubuta bai ƙara wa kowa kwana ba, bai kuma rage ba."

Ba za mu ɓoye ba, mu ma da fari zuciyarmu ta ɗan karkata wajen Alhaji, gama akwai nauyi ka ga sunan aminin mahaifinka ya zama layi a takarda. Sai da muka koma ga tarihi muka natsu. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrahu da Mu'azu ɗan Jabalu, Allah ya yarda da su, malamai sun kiyaye mana shekararta da sunayen manyan da suka rasu da ƙiyasin adadinsu. A Masar kuwa, zamanin malamai irin su Maƙrizi, ofishin rabon gado ne ke rubuta mamatan annoba kullum, ana kuma ƙidaya gawawwaki a wuraren sallar jana'iza, kuma sau da yawa adadin wurin salla ya fi na ofis. Ashe saɓanin da muka gani tsakanin Abuja da maƙabarta tsoho ne.

Amfanin littafin bai jira shekara ba. Wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suka rasu rana guda, wan a nan gida, ƙanen a Kano inda yake fatauci. Wan ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, ba namiji. Masu ilmin gado sun san inda maganar take. In wan ne ya riga, ragowar dukiyarsa ta ƙanen ce, daga nan ta gangara ga matan ƙanen da 'ya'yansa maza da mata. In ƙanen ne ya riga, ko aka kasa tantancewa, to, 'ya'yansa maza kaɗai za su ɗauki ragowar. Bayan salla da aka zauna rabo, kowa da abin da yake tunawa, har murya ta fara tashi. Aka ɗauko littafin ladan, aka tarar ya rubuta wan ya cika kafin kiran assalatu. Abokan zaman ƙanen kuma suka shaida shi bayan fitowar rana ya cika. Nan take magana ta mutu, marayu mata suka sami haƙƙinsu. Haka ma takaba, wata huɗu da kwana goma, daga ranar rasuwa ake lissafa ta.

Jadawalin ƙasa ya tsaya a kan mutum 3,155 da suka rasu a duk Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a shekarun 2020 da 2021 annobar ta jawo mutuwar kimanin miliyan 14.9 a duniya, alhali miliyan 5.4 ƙasashe suka bayar. Ba mu zargin ma'aikatan da suka yi ta kwana kan wannan lissafi, abin da ya iso gare su suka rubuta. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa tana nan tun 1992, a hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a, amma mu nawa muka taɓa zuwa muka yi wa mahaifinmu takardar rasuwa in ba fansho ko kuɗin banki ya tilasta mana ba? Da kowane masallacin Juma'a yana da littafi irin na ladan, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi a ƙarshen wata, da an ga hauhawar mutuwa tun makon farko ba sai masu haƙa kabari sun yi kuka ba.

Littafin yana nan a cikin akwatin masallaci, tare da lasifika da tsofaffin alluna. Ladan bai daina rubutu ba, yanzu yana kan na uku. Har yau ba wanda ya zo daga ofis ya ce a nuna masa.