Ba Ko Wane Ciwon Wuya Ne Beli Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana ma'aikata da malamai labarin wani abu da ya same ni, ko Allah ya sa wani ya tsira daga irin kuskuren da na yi.

Ni akawu ne a Kano. Tun ina makarantar Mishan aka koya mana a darasin kiwon lafiya cewa belin da ke reto a ƙarshen ganɗa ba cuta ba ne, halitta ce, ko wane ɗan Adam da shi a ke haihuwarsa. Saboda haka da aka haifa mini 'ya, ran suna na hana wanzami ya taɓa bakinta. Mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji, ta ce mini, "To, mai boko, ranar da ya kumbura ya toshe mata wuya ka tuna da maganata." Na yi murmushi, ina ganin kaina wayayye.

Da damunar 2023, yarinyar tana da shekara 5, sai ta tashi da ɗan zazzaɓi, ta ƙi cin tuwo, ta ce wuyanta na ciwo. Muka ce mura ce. Kwana uku sai wuyan ya kumbura ta waje har ya yi daidai da muƙamuƙi, murya ta dushe, bakinta na wani irin wari, in ta ja numfashi sai ka ji ƙara. Kafin in komo daga ofis Inna ta riga ta aika an kira tsohon wanzamin gidanmu, wanda shi ya cire mini nawa belin, shi kuma ya yi mini kaciya. Na tarad da shi zaune a zaure da zabirarsa. Inna ta ce, "Ga ranar da na faɗa maka ta zo." Wallahi, Edita, ban iya ce mata kome ba, gama tsoro ya kama ni, har na soma zaton ko ita ce mai gaskiya.

Tsohon nan ya sa aka fito da yarinyar cikin haske, ya danne harshenta da cokali, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya mai da kayansa cikin zabira, ya ce, "Malam, wannan ba aikin aska ba ne. Zo ka gani." Na leƙa, sai ga wata irin fata toka-toka ta lulluɓe 'yan wuyanta, ta manne kam. Ya ce shi ya ga irinta a bana, in an taɓa ta jini ta ke yi, in ɗauke ta maza in kai asibiti. Allah ya saka wa wannan dattijo da alheri, domin da ya so kuɗin aikinsa da ya yanka, ba kuwa wanda zai zarge shi.

Likita na dubawa ya ce mashaƙo ne. Ya sa aka goga auduga a maƙogwaronta aka kai ɗakin gwaji, amma bai jira sakamako ba, ya ce a wannan ciwo jira shi ne halaka. Aka keɓe ta, aka sa mata maganin karya dafi ta jijiya, aka kuma ɗora ta a kan maganin kashe ƙwayar cuta na kwana 14. Mu ma da ke gida duk aka ba mu magani da allura. Sa'an nan ya tambaye ni katin rigakafinta. A nan ne kunya ta rufe ni. Ni da na ke tsare fayil ɗin mutane ba ya ɓata, ban san inda katin 'yata ya ke ba. Da aka lalubo shi a ƙasan akwati sai ga shi allura ɗaya tak aka yi mata cikin uku. Ta yi zazzaɓi bayan ta farin, uwarta ta ji tsoro, ni kuwa na ce sai na sami sukuni, har shekara biyar ta wuce. Ashe na saki al'adar iyayena ne kawai, ban kama abin da ilmi ya ce in kama ba.

Ga abin da na koya a zaman jiyya. Mashaƙo wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bin tari da atishawa daga mutum zuwa mutum, ta kan kuwa nuna kanta cikin kwana 2 zuwa 5. Ɓarnarta iri biyu ce. Fatar nan da ta ke shimfiɗawa ta kan toshe hanyar iska, dafin da ta ke zubawa cikin jini kuma ya kan taɓa zuciya da jijiyoyi. Cikin mutum 100 da suka kamu, 5 zuwa 10 su kan rasu, a ƙananan yara ma abin ya fi haka. Maganin karya dafin ba sabo ba ne, wani likitan Jamus, Emil von Behring, shi da abokan aikinsa suka gano shi tun 1890. Amma dafin da ya riga ya kama nama ba ya karyuwa, shi ya sa a ke gaggawa. Annobar da ta same mu ta bayyana ne a ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, ta taɓa Yobe da Katsina da Borno da Bauci, yawancin waɗanda ta kama kuwa yara ne da ba su cika rigakafi ba. Alhali allurar nan, watau Penta, kyauta a ke yinta a asibitin gwamnati, a sati 6 da 10 da 14 na haihuwa.

Bayan an sallame mu da kamar sati biyu, sai muka ga in ta sha ruwa yana fitowa ta hanci, magana kuma ta hanci. Likita ya ce dafin ne ya raunana ganɗarta, zai kuwa wuce, haka kuma aka yi. Ya ce ganɗa da belin nan su ne ƙyauren da ke rufe hanyar hanci sa'ad da mutum ke haɗiya. Inna na tsaye ta ji da kunnenta. Ba ta ce kome ba, amma da aka haifi ƙanen yarinyar ita ce ke goya shi zuwa rigakafi.

Don kada a ce ko wane ciwon wuya mashaƙo ne, ga kaɗan daga sauran. Mafi yawa na mura ne, ya kan warke da kansa cikin mako guda, da ruwan ɗumi da hutu. In 'yan wuya suka yi ja da ɗigon mugunya, ga zazzaɓi mai zafi, ba tari, a kai a duba, a kuma shanye maganin har ƙarshe, don irin wannan in an yi sakaci ya kan lalata zuciyar yaro daga baya. Hangum a gindin kunne ya ke kumbura. Maƙoƙo a gaban wuya ya ke fitowa, yana motsi in an haɗiyi yawu, yawancinsa kuwa rashin sinadarin aidin ne a abinci, shi ya sa a ke sa shi cikin gishiri. Kaluluwar wuya da ta yi makonni ba ta saɓe ba tana iya zama tarin fuka. Muryar babba da ta dushe fiye da sati uku, tun ba mai shan taba ba, lalle likita ya leƙa ta. Cikin waɗannan duka ba wanda yankan beli ke warkarwa. Abin da ya kan jawo shi ne zubar jini, da ciwon tsinkau-tsinkau, da ciwon hanta in an yi wa yara da yawa da ƙarfe ɗaya.

Ban rubuta wannan don in ci mutuncin wanzamai ba, gama ɗayansu ne ya ceci 'yata. Roƙona gare su shi ne su yi koyi da shi. Mu kuwa da a ke kira masu ilmi, mu a ke kallo a unguwa, in mun yi sakaci wa zai kula? Ina roƙon ko wane malami da akawu da ya karanta wannan, in ya koma gida yau ya ce a ɗauko masa katin 'ya'yansa ya ƙirga da idonsa. Wanda bai cika ba a kai shi, ko ya wuce shekarun, ma'aikatan asibiti sun san yadda za su yi. Allah ya kiyashe mu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.