Mu Zaga Ƙasar Gumel, Mu Ga Inda Ƙidayar 'Ya'yanmu Ke Zuwa

'Yar'uwa, in kin je Maigatari ran Alhamis, shanu da raƙuman da ake korowa daga Nijar su za su ɗauke miki hankali. Amma leƙa ɗakin shan magani tukuna. Ga ma'aikaciya da babban littafi, duk yaron da aka yi wa rigakafi sai ta rubuta. Haka kuma za ki tarar a Gagarawa da Sule Tankarkar, har Gumel inda babban asibiti yake.

Ƙarshen wata sai a haɗa jimla a kai wa malamin ƙididdiga na ƙaramar hukuma, shi kuwa ya zuba ta a kwamfuta, cikin wani rumbu na intanet mai suna DHIS2. Nan da nan an gani a Dutse, har Abuja. Da wannan lissafi ake gane yankin da allurar ƙyanda ba ta wadatu ba, a tura ma'aikata.

Amma fa kwamfuta ba ta goyo. Sai abin da aka kai aka rubuta take gani. To, kai naki ɗan, ki adana katinsa kamar yadda kike adana tasoshinki na jere. Allah ya raya mana su, amin.