Roƙo, addu'a da bauta

A Hausa ana roƙon mutum, ana kuma roƙon Allah. Addu'a kuwa Allah kaɗai ake kai wa, ko da yake kana iya ce wa mahaifiyarka ko wani dattijo ya yi maka ita. Bauta ta fi su nauyi duka: tushenta ɗaya da bawa, kuma duk mai imani da Allah ɗaya zai gaya maka ba a yi wa kowa ita sai Shi. Gardamar da Kiristocin Katolika da na Furotesta suka shafe shekara wajen 500 suna yi kan waliyyai, in ka juye ta cikin Hausa, tsakanin waɗannan kalmomi uku take yawo. Ni a tsakar gidanmu na fara jin ta, tun kafin in san akwai wani fanni da ake kira ilimin harshe. Mahaifiyata ƴar Katolika ce daga Dogondutsi, mahaifina kuma ɗan majami'ar bishara ne daga wajen Tsibiri.

A Nijar Kiristoci ba mu da yawa, shi ya sa yawancin mutane kuɗin goro suke yi mana: ƴan mishan. Amma hanya biyu ce ta kawo mu. Mishan ɗin SIM, ta Furotesta, ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Majami'un da suka fito daga wannan hanya bango ne fari, da benci, da gicciye, da Littafi. Na Katolika kuwa tun daga suna za ka gane su: babban cocin Yamai da na Maraɗi duka sunan Maryamu suke ɗauke da shi, a ciki kuma akwai siffarta, da kyandir na ci a gabanta.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ƙanena har ya daina gane mutane. Da dare Inna ta kunna kyandir gaban ɗan hoton Maryamu da take ajiyewa bisa akwati, ta ɗauki carbinta. Gwaggo, yayar Baba, da ta zo taya mu jinya, ta tsaya bakin ƙofa.

"Amaryarmu, mi kike yi haka? Yaro kwance, ke kina magana da takarda?"

"Yaya, ba takarda nike wa magana ba. Uwar Ubangiji nike roƙo ta taya ni addu'a, kamar yadda na roƙe ki ɗazu."

"Ni ai da raina, ina jin ki. Wanda ya mutu fa, wa ya ce miki shina ji?"

Daga nan kowa ya yi shiru. Su biyun suka kwana zaune gefen yaron, kowace da irin addu'arta, Allah kuma ya tashi kafaɗunsa. Abin da na riƙe shi ne, cikin jimla uku sun taɓo ainihin inda majami'un nan biyu suka rabu.

Koyarwar Katolika ba ta ce a bauta wa waliyyi ba. Taron Nikiya na biyu, a shekara ta 787, ya raba abu biyu da kalmomin Girkanci: latreia, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawar da ake yi wa siffofi, wadda taron ya ce wucewa take yi zuwa ga wanda aka siffanta. Malaman Latin na baya, irin su Toma Akwinas a ƙarni na 13, suka kira girman da ake ba waliyyai dulia, na Maryamu kuma hyperdulia, wato dulia mafi girma. Ko a cikin doguwar addu'ar da ake jera sunayen waliyyai, aikatau ɗin yana canjawa: in an ambaci Allah jinƙai ake nema, in an ambaci waliyyi cewa ake ya yi addu'a dominmu.

Ga inda ɗalibin harshe zai gyara zama. Kalmar dulia daga doulos ta fito, ma'anarsa bawa. Ke nan in ka fassara ta kai tsaye zuwa Hausa, bauta za ka samu, kalmar da Inna za ta rantse ba ita take yi ba. Jean Calvin ya kama wannan zaren tun ƙarni na 16, ya ce rarrabewar ba ta tsaya da ƙafarta ba, don zama bawan wani bai gaza girmama shi nauyi ba. Amma mu da muke karatun harshe an koya mana tun shekarar farko cewa asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba. Ma'ana tana wurin masu amfani da ita. Wanda ya ce wa sarki ranka ya daɗe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ba ya nufin sarkin ne ya halicce shi.

Su ma Furotesta ba su ce a manta da waliyyai ba. Takardar bangaskiya ta Augsburg, ta 1530, a sashe na 21, ta yarda a riƙa tunawa da su, a yi koyi da imaninsu da ayyukansu. Kiran su neman taimako ne ta ƙi. Filib Melanchthon, wanda ya rubuta ta, da ya zo kare ta a 1531 har ya yarda cewa waɗanda ke sama suna yi wa jama'ar masu bi addu'a. Hujjarsa ita ce Littafi bai ba da umarnin a kira su ba, bai yi alkawarin za su ji ba, bai kuma nuna misalin wanda ya yi ba. Ayar da suka fi jingina da ita tana cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, 2:5, inda aka ce matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Almasihu. Katolika su amsa da cewa farkon wannan surar ce ta umarci masu bi su yi wa juna roƙo, su kuma kawo Wahayin Yahaya 5:8, inda dattawan sama ke riƙe da tasoshin turare da aka ce addu'o'in tsarkaka ne. Suna da kuma Makabiyawa na biyu, sura ta 15, inda aka ga annabi Irmiya, bayan mutuwarsa, yana yi wa jama'a addu'a. To amma wannan littafin yana cikin 73 na Katolika, ba ya cikin 66 na Furotesta. Hujjar Inna ba ta ma cikin Littafin Gwaggo.

Fushin ƴan gyara kuma yana da dalili. A Wittenberg ta ƙasar Jamus, garin Martin Luther, sarkin yankin ya tara ƙasusuwa da ƙyallaye da sauran abubuwan da aka ce na waliyyai ne, har sun haura 19,000 a 1520, mutane na zuwa kallo suna ba da kuɗi don samun sassaucin horo. Ranar da ake ƙirga farkon gyaran, 31 ga Oktoba 1517, jajibirin idin dukan waliyyai ce. Calvin da ya mutu a Janeba a 1564, bisa wasiyyarsa aka binne shi ba tare da alama a kabarin ba. Ita ma Katolika, a taron Trent, cikin Disamba 1563, ta ce kiran waliyyai abu ne mai kyau da amfani, amma ta umarci a kawar da camfi da cin riba daga ciki. Wanda ya ce a share ɗaki ai ya yarda akwai datti.

Hausa tana da suna ga abin da ake gardama a kai: kamun ƙafa. Talaka ba ya faɗawa gaban sarki kai tsaye, sai ya nemi bafaden da ake jin maganarsa. Inna ta kan ce babu ɗan da zai ƙi roƙon uwarsa. Baba kuma, in maganar ta taso, cewa yake ɗan gida ba ya neman bafade kafin ya ga ubansa. Misalan biyu daga rayuwar Bahaushe suka fito, kuma kowane yana faɗin wani abu na gaskiya game da Allah: ɗaya girmansa, ɗaya kusancinsa.

Abokan karatuna Musulmi, in na ba su wannan labari, dariya suke yi su ce ai sun san waƙar. Tawassuli da ziyarar kaburburan bayin Allah suna cikin abin da ƴan ɗariƙa da ƴan Izala suka daɗe suna ja a kai. Ba na cewa abu ɗaya ne, kowane addini da hujjojinsa. Amma kalmar waliyyi da Katolika masu jin Hausa suke amfani da ita aro ce daga Larabci ta hanyar Musulunci, kuma da kayanta ta zo. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, tsarkaka yake cewa, kuma Bulus da wannan suna yake kiran masu bi na Koranti, rayayyu, masu rigima da juna. A bakin Gwaggo duk mai bi yana cikin tsarkaka. A bakin Inna waliyyi wanda ya riga ya isa ne. Faransanci kalma ɗaya yake ba su duka, saint, kamar yadda prier ɗinsa ya haɗe roƙo da addu'a. A nan Hausa ta fi shi tsefe magana.

Tun da ma'ana a wurin masu amfani take, dole in faɗi abin da idona ya gani ta ɓangare biyu. Na ga masu ɗaura lambar waliyyi a wuyan jariri kamar laya, ba su ma san labarinsa ba. Tsoron Gwaggo a kansu yake, kuma ba tsoron banza ba ne. Na kuma ga masu zagin Maryamu don kawai su nuna su ba Katolika ba ne, abin da Luther kansa bai yi ba. Ni dai a majami'ar Baba nake sujada, kuma in zan yi addu'a ba na kiran kowa sai Allah. Amma ba zan kira abin da Inna take yi bautar gumaka ba, don wannan fassara ce da mai maganar bai yarda da ita ba, kuma na san nauyin kalmar a garin da muke zaune. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Zinder da Yamai, wutar ba ta tambayi wace ce mai siffar Maryamu a ciki ba.

Abin da ya rage tsakaninsu, in an cire zagi, tambaya ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: mutuwa tana yanke roƙo ko ba ta yankewa? Duk lokacin da zan koma jami'a na kan durƙusa in ce, Inna, a sa ni cikin addu'a. Babu paston da ya taɓa cewa na yi laifi. Akwai ranar da za ta zo, Allah ya nisanta ta, da majami'ar Baba za ta ce mini jimlar nan ta ƙare, in miƙa kukana ga Allah kai tsaye, cocin Inna kuma ya ce in ci gaba da faɗinta, tana ji. Su biyun sun yarda tana wurin Allah da rai. Kan ko zan iya yi mata magana ne kawai suka rabu.