Narkewa Iri Biyu Ce

Kalmar "narke" tana cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya niƙi-niƙi. Man shanu ya narke a kasko, gishiri ya narke a miya, tuwo ya narke a ciki, sa'an nan a littattafanmu na soyayya budurwa ta narke wa saurayinta. Saiwar ɗaya ce, ƙarshen kalmar ke raba aiki: narka, narke, narkar da, har zuwa narkakke.

Ni da nake koyar da kimiyya a nan Rimin Gado, wannan yalwa kan sa ni gumi. Na taɓa tambayar ɗalibai abin da ke narkar da gishiri a tukunya, suka ce wuta. Ba su da laifi, harshe ne ya ba su amsar. Alhali gishiri ba ya zama ruwa don zafi sai a digiri 801, wanda murhun gida ba ya kai tukunya can. Ruwa ne ke rarraba ƙwayoyinsa har ido ya daina ganinsu, kuma yana nan bai ɓata ba. Mutanen Bilma sun san haka tun da daɗewa: rana ta ƙafar da ruwan, su kwashe gishirin su yi kantu. Haka takin yuriya yake a gonakinmu, damshi yake jira, ba zafin rana ba.

Wasu al'ummu ta wata ƙofa suka shigo. Kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita ta fito daga "solvere" ta Latin, ma'anarta kwancewa. Balarabe ma "mahlul" yake kiran ruwan da aka narkar da abu a ciki, daga "halla", wato ya kwance. Saiwar nan ce ta ba mu halal. Su ƙulli suka gani ana warwarewa. Mu kuwa taurin abin muka duba: in ya saki, to ya narke, ko wuta ta sa shi ko ruwa.

Ban goyi bayan a aro baƙuwar kalma ba. A aji nakan ce "narkewar wuta" da "narkewar ruwa", yara kuma suna ɗauka nan take. Masu rubuta mana littattafan kimiyya da Hausa, ga su nan in kuna so. Narkewar budurwa kuwa na bar wa marubutan soyayya su faɗa mana a wane kashi take.